Harafin da Ya Tsira

Da safe Batula ta miƙo mini takarda,
ƙafarta bisa matashi, gwiwar ta kwana a kumbure.
Na ninke, na cusa a aljihun jallabiya, ko dubawa ban yi ba.
Shekara ashirin da biyu ina cin girkinta,
me za ta rubuta da ban sani ba?

Ban kai masallacin kwana ba gabas ta haɗe rai.
Damina a Gadarif ba ta sallama,
sai dai ka ji ta a ƙeya.
Baƙar ƙasar nan tamu ta cafke mini takalmin hagu
kamar na ci bashinta tun bara.
Na ja, ta ja.
Na tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe,
'yan makaranta na ta ƙyaƙyata a rumfar mai faci.

Raksha uku suka wuce ni maƙil.
Dafa'allah mai amalanke ya ce, "Hau mana, Usta."
Na zauna tsakanin buhun gawayi da jarkar mai,
jakin na tafe yana nazarin duniya.

A kasuwa kowace rumfa na yoyo ta inda ta ga dama.
An lulluɓe albasa da leda, ita ba ta son wanka.
Gurji ya yi ƙyalli, karas ya wanke fuska,
ganyen jarjir sai rawar kai yake kamar shi aka yi wa ruwan.
Na tsaya gaban Hajja Sittana, na zaro takardata.
Ina! Tawada ta bi ruwa.
Shuɗin dabbare kawai,
sai can ƙasa harafi ɗaya ya tsira da ransa:
lam, tsaye da ƙugiyarsa, ba gaba ba baya.

Hajja ba ta ko kalli takardar ba.
"Kawo kwandon. Yau Talata, ranar kuɓewa ce a gidanku."
Ta tsinci ƙanana, tana karya musu tsini da farce,
wadda ta ƙi karyewa ta koma tire.
Tumatir masu tauri, "ba ta son wanda ya gaji."
Tafarnuwa kai biyu.
Koren barkono ɗan mitsitsi,
"saboda cikinka, ba nata ba."

Na sunkuyar da kai.
Ashe wata a bakin kasuwa ta fi ni sanin tukunyata.

"To lam ɗin fa?"
"In ba lalo ba, lemon tsami."
Na sayi duka biyun don kada a ga gazawata.
Kuɗin ya ɗara na wancan mako:
motar Kassala ta maƙale a hanya, in ji ta,
amma ta jefa gyaran gurji ɗaya, "na mai gwiwa ne, kada ka ci a hanya."

Na biya kantin magani na karɓi man zafi.
Na fake wajen mai jabana,
ƙaramin kofi mai yajin citta ya sauka har tafin ƙafa.
Ba wanda ke gaggawa.
Wani manomi ya kalli sama ya ce ridi ya sha,
muka ce amin, mu da ba mu da ko kunya ɗaya a gona.

Azahar na shiga gida, laka har ƙwauri,
ruwa na bin gemuna yana ɗiga cikin kwando.
Batula ta juye kayan a faranti, tana ƙirgawa da ido.
Ta ɗaga lalo, ta ɗaga lemo.
"Waɗannan fa, wa ya aike ka?"

Na nuna mata lam.

Ta yi dariya har ta riƙe gwiwa,
sannan ta nuna bayan ƙofa da haɓa.
Tana nan jingine, a bushe ƙarau,
laima.